Hambali Mai Gyaran Inji da Kwamfutar Dakta

Duk wanda ya yi noman rani a Kadawa ya san Hambali mai gyaran injin ban-ruwa. Gajere ne kakkaura, kullum hannunsa dumu-dumu da baƙin mai. Yana aiki yana zuba surutu, in inji ya ƙi tashi har faɗa yake yi masa. Wasu manoman kan kira shi ko da injinsu lafiya lau yake, don dai su sha dariya.

A shekarar 2007 ƙaninsa Bilya ya rasu a haɗarin mota, a hanyarsa ta kai tumatir Kudu. Hambali bai daina barkwanci ba, shi ya sa ba wanda ya lura da komai. Matarsa Asta kaɗai ta san abinci ba ya shigarsa, kuma ya ƙaurace wa gonar da suke nomawa tare da marigayin.

Da rani ya zagayo, wata malamar jami'a daga Kano, Dakta Ummulkhairi, ta kawo kwamfuta wani ƙaramin asibiti a Kura. Bincike take yi, tana son sanin ko mutanen karkara za su fi sakin jiki su faɗa wa na'ura damuwarsu a kan su faɗa wa mutum. Kwamfutar tana yin tambaya da Hausa, mutum ya zaɓi fuska mai murmushi ko mai ɓacin rai, in yana da ƙarin bayani ya yi ta ɗauka.

Gyaran janaretan asibitin ne ya kai Hambali. Da ya gama sai ya leƙa ɗakin. Dakta ta yi masa bayani, ta ce ita kaɗai za ta saurari abin da aka ɗauka, in ya amince. Ya ce ya amince, ai ya sha hira da injunan da suka fi wannan taurin kai.

Ya zauna, ya yi wa kwamfutar sallama, ya tambaye ta gajiya da mutanen gida. Linzamin kwamfutar kuwa, wato ɗan abin dannawa da ake riƙewa a hannu, kamar sifana ya damƙe shi. Kwamfutar ta tambaye shi ko yana cin abinci sosai, ya ce ita fa, ta ci? Amma fuskar ɓacin rai ya danna. Da ta tambaya ko akwai abin da ya daina yi masa daɗi, sai ya fara ba ta labarin Bilya, tun daga wankan da suke yi a kwatar ruwa suna yara.

Bayan ya fito, Dakta ta tambaye shi yadda ya ji.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ita ba ta katse ni ba. Kowa ina buɗe baki sai ya ce in yi haƙuri, shi ke nan magana ta ƙare."

Dakta ta haɗa shi da Malam Lukmanu, ma'aikacin jinya da ya san harkar damuwa. Hambali ya yi gardama tukuna, wai shi mutum bai kai na'ura iya riƙe sirri ba, amma ya riƙa zuwa. Sannu a hankali ya koma cin tuwonsa har da neman ƙari. Ranin da ya biyo baya ya shuka albasa a gonar, ya ɗebo 'ya'yan Bilya suka taya shi cira.

An mayar da kwamfutar Kano da bincike ya ƙare. A 2009 Hambali ya sa 'yarsa Saliha makarantar koyon kwamfuta a Kura. Kullum ta dawo sai ya tambaye ta abin da aka koya musu, ya gyaɗa kai, ya tuna mata cewa shi fa ya riga ta fara karatun.