Jininta Daidai da na Kaka

Har yau ba na son jin fus-fus ɗin robar awon jini. Bari in gaya maka dalili.

Muna yara a unguwar Mayo ta Khartoum, kakanmu ya dawo daga Hajji da na'urar awon jini, mai agogo da roba. Wani hakim, ma'aikacin asibiti, ya koya masa karanta ta. Bayan la'asar tsofaffin unguwa sukan jeru ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, kowa ya miƙa hannu. Wanda jininsa ya hau, a jiƙa masa karkade, wato zoɓo, mai sanyi. Abin da Kaka ya faɗa, shi ne.

Wata damina, taɓo ya cika unguwa, ƙanwata mai shekara uku ta tashi fuska a kumbure, fitsarinta kamar shayi. Inna ta kawo ta. Kaka ya naɗe mata hannu da ƙyallen na'urar, na manya, ya zagaya sau biyu, daga kafaɗa har ya rufe gwiwar hannu. Ya matsa, ya saurara.

“Ɗari da ashirin. Daidai da nawa, alhamdu lillahi. Ki kwantar da hankalinki, 'yar nan.”

Inna ba ta taɓa musa wa surukinta ba. Ta mayar da ita kan angareb, gadonmu na igiya.

Washegari da hantsi muna cin tuwon asida, yarinyar ta sandare. Idonta ya juye, ƙafa na bugun igiyar gado. Baba ya saɓa ta ya yi titi a guje ba takalmi. Inna na binsa, mayafinta na jan laka.

A asibitin Khartoum likita ta ɗauko ɗan ƙyallen awo, bai fi tafin hannuna ba. Baba ya ce jiya an auna, lafiya lau. Ta tambaye shi nawa aka samu. Da ya faɗa, sai ta ce, “Ya Hajj, wannan lambar ta babban mutum ce. Ga yarinya kamar wannan, ya yi sama. Kuma babban ƙyalle rage lamba yake yi.”

Ƙoda ce. Ta rayu, amma sai da muka fid da rai. Kaka bai ƙara auna kowa ba, har kansa.

Yanzu kowane gida a unguwarmu ta Alsawra da na'ura mai batir. Rannan na tarar da ɗana zai ɗaura wa ƙaramar jikata tasa na'urar ta manya. Ban yi masa bayani ba, na gaji. Fizge na'urar na yi, na ce ya tsayar mana da keken raksha mu kai ta asibiti.