Lambar Baba, 7919

Shekarun baya, aka turo ni Arlit daga Damagaram in koyar da lissafi a kolej. Wata huɗu na yi ina rubutu a allo, yara suna hamma. Ni da na zo da tunanin zan haskaka hamada, ko aji ɗaya na kasa tashe shi daga barci. Abokina da ke haƙar zinariya a Cibarakaten ya ce in zo, alli ba ya ciyar da kowa. Na haɗa jakata, na sa ranar Asabar zan tafi.

Maigidan da nake haya a gidansa tsoho ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ramin uraniyom. Ranar Laraba da la'asar na same shi yana goge wani tsohon katin aiki. Ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin boko a can.

"Mushe, ka ga wannan lambar? Dubu bakwai da ɗari tara da goma sha tara. Da ita nake shiga motar ma'aikata, da ita nake sauka rami. Sunana kuwa sai a gida. Kai da ka san lissafi, tana da wani amfani?"

Na ce, "Baba, ba ni ita zuwa gobe."

Da safe na rubuta ta a allo, na ce lambar aikin wani tsoho ce, mu nemo abin da zai raba ta daidai ba saura. Duk aji ya zuba wa allo ido, don kusan kowa akwai irin katin nan a gidansu. Na ba wannan uku, wancan bakwai, waccan goma sha uku, har zuwa tamanin da uku. Aka duƙufa. Kowa ya gama sai ya ɗago ya ce, "Mushe, akwai saura!" An buga ƙararrawa, ba wanda ya motsa.

Wata yarinya a layin baya, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ce, "Ke nan ba mai raba ta sai ɗaya, sai ita kanta?"

Na ce haka ne, kuma irinta ba ko'ina ake samun su ba.

Da na gaya wa Baba, ya daɗe yana kallon katin. Ya ce, "Ikon Allah. Shekara da shekaru ina jin haushinta, ashe mai taurin kai ce irina."

Ranar Juma'a yara suka zo da lambobin iyayensu, wasu a takarda, wasu a tafin hannu, ana gardamar ta wa za a fara. Asabar ta zo ta wuce ina gyaran takardu.

Na ɗauka yaran ne ba sa son lissafi, ashe ni ne ban taɓa tambayar abin da ke gidajensu ba. Har yau idan na tuna sai kunya da daɗi su kama ni tare.

Yarinyar nan ta layin baya, yanzu malama ce, bara aka ba ta aji kusa da nawa. Ranar da ta fara, na ji ta ta bango tana cewa, "Gobe kowa ya zo da lambar babansa."