Faifan Inna a Gidan Goggo

A Bazaga guguwa ba ta zuwa yadda ta ga dama, tana da lokacinta. Ƙananan, masu juyi da tsakar rana a cikin bazara, ba a kula su, sai dai su watsa wa mutum ƙasa a tuwo. Babbar kuwa sai goshin damina, wajen la'asar. Gabas ta yi ja, awaki su fara kuka, kafin a kwashe shanya ta iso. Daga gabas take tasowa kullum, abin da ta ɗauka kuma yamma take kai shi.

Yamma da mu gidan Goggo ne, yayar babanmu. Katanga ɗaya ta raba mu. Ita da Inna, mahaifiyata, gaba suke yi tun ban yi wayo ba, wai a kan akuyar da ta ci waken da aka shanya. Akuyar ta mutu, 'ya'yanta ma an ci suna da su, gabar tana nan daram.

Sai dai duk shekara guguwa ta kwashi faifan Inna, ko tabarma, ko zane, ta zuba a tsakar gidan Goggo. Ita kuwa Goggo ba ta aiken kowa. Da kanta take kawowa, fuska a murtuke.

"Ga tarkacenki. Mutum shi riƙa ɗamre kayanai."

"Ni na aiko iskar?" in ji Inna. "Zamna ki sha hura."

Sai ta zauna, wai don ƙafa. Daga nan ta shiga lissafin guguwar da ta gani a rayuwarta: wadda ta yaye kwanon rufin lakwal, makarantar bokonmu, wadda ta cire hular rumbun kakanmu ta ajiye a gonar wani, wadda ta zo babanmu yana goye. Inna ta yi ta gardamar wacce ta riga wacce. Su kai magariba suna musu da dariya. Washegari su haɗu a bakin rijiya, kowa ta kau da kai. Wallahi abin yana ba ni haushi, yana kuma ba ni dariya. Ina son matan nan biyu, da taurin kansu duka.

Ina aji na ƙarshe a kwaleji a Konni, na zo hutu, damina ta sauka lami lafiya. Yayyafi kawai, ko kara bai faɗi ba. Goggo kuma tana kwance, ciwo ya ci ƙarfinta. Kowa ya je dubiya ban da Inna. Ina ganinta tana duban gabas safe da yamma, sama kuwa fes.

Wata la'asar ta ɗauki sabon faifanta, ta waiga, ba ta san ina ƙofar ɗaki ba. Ta wurga shi ta kan katanga. Ta ɗan jira, kamar mai sa ran a kawo. Da ta tuna mai kawowar ba ta iya tashi, sai ta yafa mayafi ta fita. Na bi ta.

"Na zaka ɗaukar hwaihwaina," in ji ta daga bakin ƙofa.

Goggo ta dubi ganyen darbejiya, ko motsi ba ya yi.

"Lalle iskar bana da ƙarhi take," ta ce. "Shigo ki zamna."

Inna ba ta bar ɗakin nan ba sai da aka fitar da gawar Goggo. Faifan ma can ta bar shi.