Sai-na-gani da Saƙon Ƙanensa

A kamfanin sabulun da yake aiki, ba mai kiran bakaniken da sunansa na yanka. Sai-na-gani ake ce masa. Ka ce masa an kashe inji, zai ce to, sannan ya ja ƙafa har ƙarshen ɗakin injuna, ya duba makunnin da idonsa, ya rataya masa kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Sababbin ma'aikata kan yi masa dariya, har ranar da suka lura da hannunsa na dama.

Da can ba haka yake ba. Mutum ne mai saurin hannu, ga son waya kamar me. Shi ya fara murna da aka buɗe wa ma'aikata guruf na tura saƙo a waya, wai an huta da zirga-zirga. Ƙanensa, wanda Sai-na-gani ya riƙe tun rasuwar mahaifinsu, shi ne shugaban sashen.

Wata safiya bel ɗin inji na biyu ya maƙale, injin ya tsaya cik. Yana tsugune yana jiran a yanke wuta sai ga saƙon ƙanen a guruf: "An kashe na biyu". Ya ajiye waya, ya zura hannu, ya zaro abin da ya tokare. Injin ya tashi.

Ashe tambaya yaron yake yi! Yana sauri, bai sa alamar tambaya ba. Da a baki ya faɗa, ko yaro zai ji tambaya ce daga muryarsa, amma rubutu ba shi da murya. Yatsu uku suka tafi.

Kamfani ya yi bincike, aka hana ba da izinin taɓa inji ta waya. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar tana gida. Ƙanen ya daina zuwa, kunya ta hana shi, a wurin aiki ma sai ya canza hanya. Abin ya fi yatsun yi wa Sai-na-gani ciwo. Matarsa ta yi magana har ta gaji.

Ana nan, sai ga saƙo daga ƙanen: "Yaya ka yafe min". Ba aya, ba komai. Sai-na-gani ya daɗe yana kallon wayar, ransa a ɓace. Har yanzu yaron nan bai koyi hankali ba! Ya sa takalmi, ya nufi kamfani, ya haye matakala zuwa ofishin ƙanen, ya tura ƙofa, ya ɗora wayar a kan tebur.

"Wannan roƙo ne ko tambaya?"

Ƙanen ya miƙe, idonsa a kan hannun yayansa.

"Duka biyun, Yaya."

"To faɗa da bakinka in ji," in ji Sai-na-gani, ya ja kujera ya zauna.