Yaya Mika'ilu da Gidan Gawon Nama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyar ga watan Nuwamba na shekarar 1960, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran yayana Malam Mika'ilu, malamin dabbobi na En'e ta Sakkwato, yana da shekara arba'in da huɗu. Ina cikin aji a Talatar Mafara ina koyarwa aka kawo mini waya, kuma kafin in sami mota in iso an riga an kai shi makwancinsa. Tunda ban sami yi maka ban kwana ba, Yaya, bari in yi maka magana a takarda.

Kai ka rene ni bayan rasuwar mahaifinmu. Kai ka kai ni makaranta a bayan kekenka, sa'ad da dangi ke cewa mahauci ba ya haifar ɗan boko. Ba ka yi musu da kowa ba, ka dai ɗaura mini tabarmata muka tafi. Haka kake a wurin aiki ma. Fulanin da suka saba gudu da shanunsu in sun ji an zo yin allura, kai in ka sauka a ruga su suke kamo maka su, don sun san ba ka taɓa ƙidaya garken mutum ka kai labarinsa inda zai cutu ba. Wani Arɗo ya taɓa aiko maka da karsana har gida. Ka shayar da ita, ka ciyar da wanda ya koro ta, washegari ka mayar da su tare.

Amma abin da na zauna rubutawa shi ne zancen gida, domin shi ya cinye maka shekaru shida na ƙarshe, kuma mutane da yawa da suka yi maka salla ba su san haka ba.

Da aka raba gadon gidan kakanmu na cikin gari, ɗaki ɗaya da 'yar rumfa suka faɗo maka. Nan ka zauna da matarka Dijatu da 'ya'ya biyar. Hussaina, babbar 'yarka, tun tana shekara tara take kwana ɗakin wata gwaggonmu, don babu inda za a shimfiɗa mata tabarma. In damina ta sauka, ruwan tsakar gida ta ƙofarku yake bi. Ba a iya ƙara gini, ko'ina rabon wani ne. Saboda haka da aka sanar a 1954 cewa ma'aikaci zai iya samun rance ya sayi gida, a riƙa cirewa daga albashinsa, kana cikin na farko da suka kai takarda.

Ka ma sami gidan. Alhaji Malami, wani mai fataucin shanu da ya mayar da harkarsa Ikko, yana da gida can wajen Gawon Nama, inda gari bai gama kaiwa ba. Ɗaki uku ne da zaure da rijiya. Ya yi maka alkawari ba zai sayar wa kowa ba sai kai, ya kuma miƙa maka mabuɗi ya ce ku tare, in kuɗi sun fito ka biya. Ka karɓi mabuɗin, amma ka ƙi tarewa. Ka ce ba za ka shigar da yara gidan da wata rana za a iya cewa su fita ba. Sai dai kowace Juma'a in an sauko masallaci ka hau keke ka je ka share tsakar gidan, ka duba indararo, ka liƙe inda ruwa ya ci katanga, ka kulle ka dawo ɗakinka ɗaya.

Rancen yana da sharaɗi. Sai wanda wurin aikinsa ke cikin birnin Sakkwato, kuma duk wanda aka yi wa canjin gari sunansa ya fita daga layi. Sau biyu aka ba ka ƙarin girma zuwa Gusau, sau biyu ka roƙi a bar ka. Na biyun na zo hutu, na yi maka faɗa irin wanda ƙane bai kamata ya yi wa wansa ba. Na ce yaran da ka koya wa riƙon allura sun zama shugabanninka, kai kana gadin takarda. Ka bari na gama, sannan ka ce, "Hadi, shekara huɗu na yi cikin layin ga. In na tai Gusau, wa za ya mayar min da su? In na zamna kuma, ban san ranar ba. Ka gaya min wanda za ni ɗauka." Har yau ina jin kunyar wannan rana.

Ba ka taɓa zagin kowa a kan jinkirin ba. In ka je ofis aka ce mai sa hannu ya tafi rangadi, sai ka yi godiya ka fito. Da aka sake tsarin takardu aka ce kowa ya cika sabuwa, ka cika. Ka ma zama wanda ake zuwa wurinsa. Masinjoji da leburori da ba su iya karatu ba sukan taru a rumfarka da yamma, kana cika musu tasu, kana gaya musu wanda za su nema ya tsaya musu. Na san mutum biyu cikinsu da suka riga ka shiga gida. Ka je tariyarsu duka, kai ka ja addu'a.

A bazarar bana wani bijimi ya harbe ka a ƙirji wurin allura. Ka ɗaure da rawani ka ƙarasa aikin ranar. Daga nan tari ya kama ka, ƙafafunka suka fara kumbura. A watan Agusta takardar da ka jira shekara shida ta fito. Abu ɗaya ya rage: likita ya shaida kana da lafiyar da za ka yi sauran shekarun aikinka. Likitan ya daɗe yana sauraren ƙirjinka, sannan ya ajiye alƙalami ya ce ka dawo bayan wata uku. Dijatu ta ce da ka dawo sai ka sa takardar ƙarƙashin matashi, ka nemi ruwan alwala.

Lokacin hutun bikin samun mulkin kai na zo na same ka a kwance. Gari ya cika da kiɗa, 'yan makaranta suna yawo da tutoci. Ka ce in ɗauke ka a keke zuwa Gawon Nama. Na ɗauke ka, ba ka da nauyi. Ka zauna a dokin ƙofar zaure kana mayar da numfashi, kana nuna mini ɗakin da ka ce na Hussaina ne da ƙanwarta Kulu. Can ka ciro mabuɗin ka sa mini a hannu, ka ce in rubuta wa Alhaji Malami cewa ka yafe masa alkawari, ya sayar wa wanda ya samu. "Mutumen ga ya jira ni ƙwarai," ka ce. "Kada in mutu in bar shi ɗaure."

Na rubuta, Yaya, amma sai bayan sadakar bakwai na aika. Kafin nan na je ofis na tambaya ko rancen zai iya komawa kan iyalinka. Akawun ya yi mini ta'aziyya, ya ce na ma'aikaci ne shi kaɗai, ba a gadonsa. Alhaji Malami ya amso da cewa duk da an yafe masa, zai ƙara jiran iyalinka shekara ɗaya, fiye da haka ba zai iya ba, shi ma yana da 'ya'yan da za su yi aure. Don haka na nemi a dawo da ni Sakkwato, na bar muƙamin babban malami da aka yi mini alkawari a Mafara, da aka dawo da ni na kai tawa takardar neman rance. Sunana ne na ƙarshe a layin. Na san shekara ɗaya ba za ta isa ba, Dijatu ma ta sani, amma daga ni har ita babu wanda ya furta. Tana nan tana takaba a ɗakin da ka bar ta.

Ina miƙa ta'aziyya gare ki Dijatu, da ku Hussaina da Kulu da ƙannenku, da dangi na nan da na nesa, da abokan aikinsa, da makiyayan da suka yi tafiyar yini biyu don su zauna zaman makoki. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Allah ya jiƙanka Yaya Mika'ilu, ya gafarta maka kurakuranka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah ya yalwata maka kabarinka, ya haskaka shi, ya saukar da kai Aljannar Firdausi ba tare da hisabi ba. Allah ya raya marayun da ka bari, ya ba ni ikon riƙe su kamar yadda ka riƙe ni. Amin.

Ƙanenka,
Hadi