Furen Maƙabartar Orval

Orval Dierking shi ne mai yanke ciyawar maƙabartar cocinmu na Lutheran, a wani ɗan ƙauyen jihar Kansas da matattunsa suka fi rayayyunsa yawa. Dogo ne, busasshe, kuma ban taɓa ganin mutum mai taurin kai irinsa ba. Bai yi aure ba, don a cewarsa duk matan garin ko 'yan uwansa ne ko 'yan Katolika.

Abin da ya fi so a duniya yana can bayan kaburbura, a wani lungu da garma ba ta taɓa shiga ba. Wata 'yar tsiro ce dangin tumfafiya, mai koren fure mara kyan gani, wadda gonakin masara suka kusa ƙarar da irinta. Orval yakan kewaye ta da injinsa a hankali, amma kabarin tsohon fasto sai ya bi ta kai a guje. Matsalar ɗaya ce: kullum tana fure, ba ta taɓa yin iri ba, kuma duk shekara sai ƙara raguwa take.

Wata malamar jami'a ta zo ta tsinki ganye ta tafi da shi. Da ta dawo ta ce masa, "Baba, duk waɗannan tsiro ɗaya ne, saiwa ɗaya ce ke ta fito da kai nan da can. Irin wannan kuwa ba ya auren kansa, sai an kawo masa baƙo."

"Baƙo daga ina?"

"Akwai wasu a maƙabartar Katolika, ƙetaren rafi."

Orval ya ce gara ta mutu.

Duk mun san dalili. Mai kula da waccan maƙabartar ƙanwarsa ce, Verna. Tun tana budurwa ta auri ɗan Katolika, ubansu ya cire kujerarta daga teburin cin abinci, Orval kuma ya gaji fushin tare da gidan. Yanzu jikokinta sun cika benci biyu a cocinsu, shi kuwa daga shi sai kare.

Shekarar da ta biyo baya furen ya fito tsiraru. Na gan shi tsugune a wurin, ya cire hula, tausayinsa ya kama ni ƙwarai duk da halinsa. Washegari ya sa rigar Lahadi ya ce in kai shi ƙetaren rafi, wai motarsa ba ta san hanya ba.

Verna ta dube shi daga sama har ƙasa. "Yaya Orval, wa ya mutu?"

"Ba kowa. Fure na zo aro."

"Aro? Neman aure dai ka zo. Buɗe baki ka faɗa."

"Ke har yanzu bakin nan naki yana nan?"

"Yana nan. Kai ne ba ka zo ka ji shi ba."

Sai da ta sa ya zauna ya ci kek mai 'ya'yan itacen ceri ya sha kofi, sannan ta yanko furanni a kwalbar ruwa. Da kanta ta kai su ta ajiye a tsakiyar nasa, taku kaɗan daga kabarin ubansu. Ƙudan zuma ba su tambayi cocin kowa ba, suka yi aikinsu.

Da kaka kwanso ya fito, ya fashe da fararen gashi. Nan take Orval da Verna suka hau gardamar addinin 'ya'yan, har fasto ya leƙo ya koma.

An shuka irin, amma irin wannan tsiron yakan daɗe ƙwarai kafin ya yi furen farko, Orval bai kai ba. Yana kwance yanzu a kabarinsa kusa da shingen maƙabartar. Jikar Verna ce ke yanke ciyawar, 'yar Katolika a maƙabartarmu, tana kewaye tsiron a hankali, shi kuma ta bi ta kansa a guje.