Sojojin da Na Gani a Madubin Awo

Zan fara da neman afuwa, domin abin ya daɗe, kuma mai yiwuwa ne na haɗa wata rana da wata ko na sa magana a bakin wanda bai faɗe ta ba. Amma ainihin abin, wallahi da idona na gan shi, kuma da rana tsaka.

Zamanin kuɗin man fetur ne, lokacin da duk inda ka juya a Kano siminti ake kwaɓawa. Ban daɗe da gama jami'a ba na sami aikina na farko, awon fili, a wajen wani Alhaji ɗan kwangila da zai gina otal a Nassarawa GRA. Ni mutum ne mai fargaba, kullum gani nake kuskure ɗaya zai sa a sallame ni.

A kusurwar gabas ta filin akwai wasu 'yan tudunni a jere ƙarƙashin darbejiya. Masu gadin unguwar suna cewa kaburburan sojoji ne na wata runduna ta farkon zuwan Turawa, waɗanda suka mutu a wani artabu aka binne su inda suka faɗi. Ban ga wannan a rubuce ba, don haka ba zan rantse a kansa ba. A taswirar da aka ba ni dai, nan ne wurin ajiye motoci, kuma ranar Asabar katafila za ta baje shi.

Na kafa turakuna suka ratsa ta tsakiyar tudunnin. Washegari na tarar an tumɓuke su an sake kafa su a gefe, layi miƙaƙƙe sak. Na zargi Bitrus, mutumin Kafanchan da ke riƙe mini sandar awo. Ya yi dariya ya ce da ya iya jan layi haka, ai da shi ne injiniya, ni nake riƙe sanda.

Na ce to mu sake awo. A nan sai na yi ɗan bayani: na'urar da nake aiki da ita tsohuwa ce, madubinta komai a kife yake nuna shi, ƙasa a sama, sama a ƙasa, kuma duk mai awo ya saba da haka. Bayan azahar na kafa ta, na leƙa. Ga darbejiya a kife, ga Bitrus a kife yana hamma. A bayansa kuma ga mutane a sahu, gajeren wando na kaki, jar hula, ƙafa ba takalmi, kuma su a tsaye suke daidai, kansu a sama. Na ɗago ido, ba kowa sai Bitrus. Na sake leƙawa, suna nan. Na bakin sahun, mai igiyoyi a hannun riga, ya nuna mini sabon layin turakun da 'yar sandarsa. Ba fushi a fuskarsa, kamar dai mai nuna wa baƙo hanya.

Na je na sami Alhaji na gaya masa abin da na gani. Ya ce ko rana ce ta bugi ɗan boko, ya ƙara da cewa in katafila ba ta shiga ranar Asabar ba, in nemi wani aikin. Ni da ko musu ban iya ba, sai na ji bakina yana cewa, "Alhaji, ba zan sake kafa turke a kan mutanen nan ba. Motoci za su iya komawa yamma, zan zana maka. Abu ɗaya nake roƙo, ka zo ka leƙa."

Ranar Asabar ya zo, katafila tana ruri, direbanta Malam Iro yana jira. Alhaji ya tattare babbar riga, ya sunkuya, ya sa ido. Ya daɗe a haka har na fara tunanin inda zan kai takarduna neman aiki. Da ya ɗago sai ya tuɓe takalmansa, ya yi wa wurin sallama irin wadda ake yi wa maƙabarta.

"Malam Iro, juya da abarka," in ji shi. Sannan ya dube ni. "Kai kuma bi layinsu. Sun fi ka iya aiki."

A kan wannan layin aka yi katanga. Liman ya zo ya yi addu'a, Bitrus ma ya cire hula ya yi tasa, tunda ba wanda ya san wane ne wane a cikinsu. Na sake leƙawa ranar da aka gama, komai a kife yake, ba kowa. Ban rasa aikina ba, kuma a duk gine-ginen da na auna daga baya, babu wanda nake alfahari da shi kamar wannan 'yar katangar.

Alhaji har ya rasu bai gaya mini abin da ya gani ba, ni kuma ban tambaya ba. Shawarata ga masu awo da masu gini: in kun ga tudu a jere, ku tambaya kafin ku kira katafila. Wanda yake wurin a ranar, in ya ga na yi kuskure, don Allah ya aiko da gyara. Wanda kuma ya san sunan ko da mutum ɗaya daga cikin sojojin nan, ya taimaka, domin har yau jikin katangar ba rubutu.